Yadda zaka haɗa tsohuwar firinta da sabuwar kwamfuta, daki-daki

Jama'a salamu alaikum. Wagga tambaya dai ta ƙi ƙarewa, daga masu shagon buga takardu na Birnin Kebbi da Jega har malaman makaranta da ɗaliban Kalgo da Aliero da lokacin furojet ya matso, kowa maganarshi ɗaya: na sayi sabuwar laftof, na jona firintar da muke aiki da ita tun zamanin Windows 7, ta ƙi motsi. Wani har ya yanke hukunci wai ta mutu yana neman mai saye a banza. Toh mafi yawan lokaci lafiyarta lau, musamman tsofaffin HP LaserJet ɗin nan masu ƙarko, abun da ke ɓata aikin shi ne mutane na fara shi ta ƙarshe, a jona waya tukuna sannan a koma neman dalili. Ka bi jerin nan yadda na tsara shi, kada ka tsallake, kuma kada ka sayi komai sai ka wuce mataki na 2.

Abun da zaka tanada

Wayar wuta ta firintar, takarda A4 busasshiya kamar guda 20, ƙyalle mai tsabta, filashi, da data ko yaya take. Wayar haɗi kuma sai mun ga irin ramin da ke bayan firintar kamin a je kasuwa. Maganar kuɗi ba zan rubuta farashi ba don kasuwar yanzu ta safe daban ta yamma daban, amma ga ma'auni: wayar USB ta firinta bata kai kuɗin rim ɗaya na takarda ba, wayar da ke juya tsohon rami mai faɗi zuwa USB ta fi ta tsada amma ita ma 'yan dubbai ce, abun da ke cin kuɗi sosai shi ne taransifomar rage wuta da sabon katirij ɗin tona, wato garin tawadar da firintar leza ke bugu da shi. Wayar USB zaka samu a kusan duk shagon kayan kwamfuta, ɗayar kuma wani lokaci sai an yi saƙo Sakkwato ko Kano, don haka ka ɗauki hoton ramin ka tura ma wanda zai sayo maka, kada ka tsaya kwatance da baki.

1. Karanta takardar wuta kamin ka jona soket

Ka juya bayan firintar ko ƙarƙashinta, akwai 'yar takarda da anka liƙa mai lambar model da bayanin wuta. Idan kaga 220-240V shikenan, tamu ce. Idan kaga 110-127V toh daga Amurka ta fito, kuma da yawa cikin na hannu da ake kawowa haka suke.

Gargaɗi: wutarmu 230V ce. Firinta mai 110V in ka jona ta kai tsaye, ƙara ɗaya zaka ji da warin ƙuna, allon wutarta ya tafi. Kada cajar laftof ta ruɗe ka, ita an rubuta mata 100-240V tana cin kowace, firintocin leza galibi ba haka suke ba.

Mai 110V sai da taransifomar rage wuta, kuma ba 'yar ƙaramar nan ta cajin aska ba. Ka duba takardar nan dai zaka ga lamba da harafin A, ka ninka ta da 110. Misali in an rubuta 5A lissafi ya ba ka 550, toh ka nemi mai watt 1000, don lokacin da hitar ciki ke ɗaukar zafi tana fizgar wuta da ƙarfi lokaci guda. Wanga dalili ne ma ya sa ba a jona firintar leza a ƙaramin UPS na kwamfuta, zai ta kuka ko ya ɗauke gaba ɗaya har da kwamfutar. Masu sola da ƙaramar inbata ku ma ku lura, in inbatar na ɗaukewa duk lokacin da firinta ta fara bugu ba laifin direba ba ne, wato manhajar da ke sa kwamfuta ta iya magana da firinta. Ƙaramin janareto kuma a rage mishi kaya, kada a haɗa da injin laminatin lokaci ɗaya.

Ka rubuta lambar model ɗin cikakkiya a takarda tun yanzu. LaserJet 1020 daban, P1102 daban, P1102w daban, LX-300+ da LX-300+II ma ba ɗaya ba ne. Harafi ɗaya na canza direba.

2. Gwada ta ita kaɗai, babu kwamfuta

Firintar da ta kwana biyu a ɗaki sai an buɗe an duba. Cire katirij, ka leƙa ciki da tocilan: ƙurar hunturu, kashin ɓera, kyankyasai, har gidan zanzaro ana samu. Ka share da busasshen ƙyalle, robar da ke jan takarda kuma ka goge ta da ƙyalle mai ɗan laima ka bari ta bushe. Katirij ɗin ka ɗan girgiza shi gefe da gefe a hankali ka maida.

Gargaɗi: kada ka taɓa dogon gorar nan mai sheƙi da ke jikin katirij da yatsa, kada kuma ka ajiye shi cikin rana. Tona in ya zube a riga da ruwan sanyi ake wankewa, ruwan zafi narkar da shi yake ya kama.

Sai ka kunna. Zaka ji injin ciki ya juya, fitilu su yi wasa, daga ƙarshe koriya ta tsaya cak. In mai ruwan lemu ce ke ƙiftawa ka duba murfi, takarda, da zaman katirij. In koriya ta tsaya sai ka sa ta buga shafin gwaji da kanta. A LaserJet 1320 da P2015 ka danne maɓallin Go kamar daƙiƙa 5 ka saki. Manya masu allo irin 4250 cikin menu ɗinsu yake, wajen Information. Epson LX-300+ mai ribon ka kashe ta, ka danne LF/FF ka kunna kana danne, zata fara jero haruffa. Su 1018 da 1020 basu da maɓallin gwaji, a nan koriyar fitila ta wadatar, sauran sai an haɗa.

In shafi ya fito tas, ka san duk abun da ya rage tsakanin waya ne da direba. In ta kasa jan takarda, ko tana tauna ta, ko rubutu na gogewa in ka shafa da hannu, wanga aikin mai gyara ne, kai ta tukuna, kuma ka ji kuɗin gyaran kamin ka sayi waya.

Ban ce komai ba kan tsofaffin masu tawadar ruwa irin Deskjet da sunka shekara a ajiye. Ra'ayina kada ka wahal da kanka, tawadar ta bushe a kai, kuɗin katirij biyu na baƙi da na kala zai kusa saya maka leza ta hannu, kwalliya ba zata biya kuɗin sabulu ba. Ita leza kuwa katirij 12A na 1018 da 1020 an ƙiyasta mishi shafi 2,000, 85A na P1102 shafi 1,600, 49A na 1320 shafi 2,500, kuma duk ana sake cika su.

3. Gane ramin da ke bayanta

Iri uku zaka tarar, wata ma tana da biyu ko duka.

Na farko ƙaramin rami mai kusan kusurwa huɗu, shi ne USB na firinta. In akwai shi ka huta, da shi zaka yi aiki ko da akwai sauran. Ka sayi wayar da bata wuce mita 2 ko 3 ba mai ɗan kauri, don USB irin wanga iyakarshi mita 5 ne, dogayen nan marasa kyau da ake ƙara ma wata waya su ke kawo yau ta gani gobe bata gani ba. Sabbin laftof da ƙananan ramukan USB-C kaɗai gare su sai ka haɗa da 'yar adafta, ko ka nemi wayar da kanta ɗaya USB-C ne.

Na biyu dogon rami mai faɗi da 'yan ƙarafa biyu a gefe masu kama waya, shi ne faralel, mai haƙori 36. Sabbin kwamfutoci babu shi sam. Maganinshi wayar da kanta ɗaya USB ɗaya kuma faralel. Iri biyu ce a kasuwa, akwai wadda kanta ke shiga bayan firinta kai tsaye, akwai mai ramuka 25 wadda sai ka ƙara mata tsohuwar wayar firinta. Ka ɗauki ta farko, haɗi ya ragu matsala ta ragu.

Gargaɗi: LaserJet 1100 nata ramin faralel ƙarami ne, babban kai baya shiga, sai an samo nata ko 'yar adafta. Sannan a bayan Epson LX-300+ akwai wani rami mai ramuka 25 kusa da faralel ɗin, wancan siriyal ne, kada kaga ya yi kama da kan wayarka ka ce sai ya shiga.

Mai babbar kwamfutar tebur yana da wata hanya da ta fi wayar nan zama lafiya, a sa mata katin faralel na PCIe a ciki, sai ta samu ramin faralel na gaske, wanda Windows ke kira LPT. Wuraren da ke buga rasit mai kwafi biyu ko uku da injin ribon duk rana, ni shi nike ba su shawara.

Na uku ramin netwok, irin wanda wayar intanet ke shiga. Galibi masu harafin n a ƙarshen suna ke da shi, 1320n, P2015dn, 4250n. Maganarshi na mataki na 8.

Ka sayo wayar amma kada ka jona tukuna.

4. San wace irin Windows gare ka

Shiga Settings, System, About, ka duba layin System type. Zaka ga 64-bit ko 32-bit. Windows 11 da ta fito a 2021 duk 64-bit ce, Windows 10 kuma akwai duka biyun. Direban 32-bit baya hawa kan 64-bit ko ka kwana kana gwadawa, kuma faifan CD da ya zo da firinta tun zamanin XP mafi yawa 32-bit ke ciki, banda cewa sabuwar laftof ɗin ma bata da wajen sa faifai. Ajiye shi kawai.

Gargaɗi: in a layin nan kaga ARM-based processor, irin laftof masu Snapdragon, direbobin da anka yi ma Intel da AMD basa aiki a kansu, wuce kai tsaye mataki na 9. In kuma kaga an rubuta S mode a sunan Windows ɗin, bata yarda a sa manhaja daga waje sai an fitar da ita daga S mode, kuma in an fita ba a komawa.

Masu Windows 11 ta 24H2 zuwa sama ku shiga Bluetooth & devices, Printers & scanners, ku gangara ƙasa ku duba Windows protected print mode. In a kunne yake ku kashe, don aikinshi kenan hana direbobin kamfanoni, tsohuwar firinta ba zata taɓa hawa ba yana kunne.

5. Nemo direba, nan aikin yake

Tsofaffin firintoci kashi biyu ne kuma sanin wanga shi zai rage maka wahala. Akwai masu ƙwaƙwalwar kansu da ke jin yaren PCL, irin 1200, 1300, 1320, P2015 da 4250. Su basu da tsaurin kai, ko ba a samu direbansu na asali ba suna karɓar HP Universal Print Driver, ko direban 'yar uwarsu ta kusa. Akwai kuma waɗanda kwamfuta ce ke yi masu duk lissafin shafi ta tura masu, irin 1018, 1020, P1005, P1102 da Canon LBP2900. Waɗannan sai nasu na kansu. Universal ɗin baya yi masu, zaka ga ya hau lafiya ka tura aiki shiru, ko fitila ta ƙifta sau biyu ta koma ta kwanta. 1018 da 1020 ma duk lokacin da anka kunna su sai kwamfuta ta tura masu 'yar manhajar da suke tashi da ita, shi ya sa ba tare da direbansu ba kamar babu su.

Ka shiga shafin kamfanin da kanshi, na HP support.hp.com ne, Canon da Epson su ma suna da sashen Support, ka rubuta lambar model da ka kwafa. Shafin zai gane Windows ɗinka, wani lokaci ya ce babu direba. Kada ka tsaya nan, akwai wajen canza tsarin kwamfuta da hannu, ka zaɓi Windows 10 64-bit, in babu ka sauka 8.1, in babu 7, muddin dai 64-bit ne. Direban firinta na Windows 7 64-bit sau da yawa yana zama daram a kan 10 da 11. In sun ba ka zaɓi tsakanin Basic driver da Full software, ɗauki Basic, shi 'yan MB ne, ɗayan kan haura MB 100 da tarkacen da baka buƙata.

Gargaɗi: in ka rubuta sunan firinta a Google shafuka zasu cika maka ido da manyan maɓallan Download kore shar. Mafi yawansu wata manhaja zasu saka maka wai mai sabunta direbobi, ta cika kwamfutar da talla ta ce ka biya kuɗi, wata ma da bairos take zuwa. In adireshin ba na kamfanin ba ne ko na Microsoft, fita.

Da ka sauke, fara kwafa shi a filashi da kuma wayarka. Microsoft ta daina tallafa ma Windows 10 tun 14 ga Oktoba 2025, kuma tun 2023 ta sanar cewa a hankali zata janye daga rarraba sabbin direbobin firinta na kamfanoni ta Windows Update, kamfanonin su ma suna sauke na tsofaffin kaya daga shafukansu. Abun da ka samu yau ka adana shi.

Yanzu ka danna fayil ɗin da maɓallin dama ka zaɓi Run as administrator, firinta na kunne amma waya a cire. Sai ya ce ka jona sannan ka jona, kai tsaye jikin kwamfuta ba ta hob mai ramuka da yawa ba. In ya ce wai bai dace da wagga Windows ba, maɓallin dama, Properties, Compatibility, ka zaɓi Windows 7 ka sake. In ya hau ka tsallaka zuwa mataki na 7.

Wani abu da P1102 ke yi: kana jona ta sai kwamfuta ta nuna ta a matsayin faifan CD mai suna Smart Install. Ba lalacewa ba ce, haka anka yo ta, tsohon direba ne a cikinta. Ka rufe shi ka yi aiki da wanda ka sauke.

6. In ya ƙi, a sa shi da hannu

Nan kuma waya a jone, firinta a kunne. Masu wayar faralel zuwa USB kusan dukanku ta nan zaku bi, don ita wayar kwamfuta ke gani ba firintar ba. Ka tabbatar ta gani: maɓallin dama kan Start, Device Manager, ka buɗe Universal Serial Bus controllers, ka nemi USB Printing Support. In babu, canza rami, in har yanzu babu wayar ce bata da kyau a maida ma mai shago.

Sai Settings, Printers & scanners, Add device. Ka ɗan jira zai fito da Add manually, a Windows 10 kuma The printer that I want isn't listed. Zaɓi na ƙasa, Add a local printer or network printer with manual settings. Zai tambaye ka fot (port), wato hanyar da kwamfuta zata bi ta tura ma firinta aiki.

Gargaɗi: abun da zaka tarar an riga an zaɓa shi ne LPT1, kuma nan mutane sunka fi faɗawa, mutum yaga firintarshi faralel ce ya ce ai LPT1 ne. A'a. Tunda ta USB ta shiga kwamfuta, USB001 zaka ɗauka, wanda anka rubuta ma Virtual printer port for USB. In akwai USB002 da USB003 galibi mai babbar lamba shi ne sabon haɗi. LPT sai mai katin PCIe.

Daga nan jerin kamfanoni zai fito hagu, model dama. In taka bata ciki ka danna maɓallin Windows Update da ke ƙasa ka jira, yana iya cin mintuna da dama kamar ya maƙale, kada ka rufe, in ya gama jerin zai ƙaru sosai da tsofaffin suna. Masu hotspot na waya ku kula, Windows kan ɗauki irin wanga haɗi a matsayin mai ƙididdigar data ta ƙi sauke direba ba tare da ta gaya maka ba. A shafin Printers & scanners akwai wajen da ke cewa Download drivers and device software over metered connections, ku kunna shi.

In kuma direban da ka sauke ne ya ƙi hawa da kanshi, ka fasa fayil ɗin da manhajar 7-Zip cikin folda, ka dawo nan ka danna Have Disk, Browse, ka nuna mishi fayil mai ƙarewa da .inf a cikin foldar, in akwai ta x64 ita zaka shiga. Wagga dabara tana ceto da yawa, don sau tari manhajar sakawa ce ke gardama, direban kanshi lafiya lau.

Masu injin ribon na Epson in ba a samu sunan daidai ba ku gwada wani LX in taku LX ce, wani LQ in LQ ce, don LX allura 9 gare ta LQ kuma 24, in an cakuɗa rubutu zai fito a miƙe ko a matse. Ƙarshen ƙarshe akwai Generic / Text Only ƙarƙashin Generic, zai buga rubutu zalla, babu hoto babu tambari.

7. Shafin gwaji da 'yan matsalolin da ke biyo baya

Danna sunan firintar, Printer properties, Print Test Page. Ka lura Printer properties nace, don akwai Printing preferences da Hardware properties kusa da shi masu ruɗa mutum. In ya fito alhamdulillahi, saura gyara biyu. Shiga Printing preferences ka maida girman takarda A4, don da yawa da Letter ta Amurka suke zuwa, shi ke sa ƙasan shafi ya yanke ko babbar firinta ta tsaya tana neman a sa mata Letter, a cikin Word ma ka duba. Sannan ka kashe Let Windows manage my default printer ka sa taka ta zama default, in ba haka ba yaron shago zai ta tura aiki wajen da ba a sani ba.

In bai fito ba ga abun da na fi gani.

Aiki ya tafi shiru, ko ya nuna Error: fot ne. Printer properties, Ports, ka canza zuwa wani USB00 ɗin ka sake gwadawa ɗaya bayan ɗaya. Mai wayar faralel ya cire alamar Enable bidirectional support a wanga shafi, wayoyin nan da yawa basu iya dawo da amsa daga firinta.

Tana ta fitar da takardu da layi ɗaya na haruffan banza a sama: direban ba nata ba ne. Kashe ta nan take kamin ta cinye maka rim, ka goge aikin, ka koma mataki na 5.

Aiki ya maƙale ya ƙi gogewa: danna maɓallin Windows da R, rubuta services.msc, nemo Print Spooler ka danna Stop. Buɗe C:\Windows\System32\spool\PRINTERS ka goge abun da ke ciki, ka koma ka danna Start.

Gargaɗi: abun da ke cikin foldar PRINTERS kaɗai zaka goge, ba foldar kanta ba, ba kuma wani abu a System32 ba, kada a yi gyaran gangar Abzinawa.

Sunan firinta ya zama biyu ko uku, Copy 1, Copy 2, ɗaya ya dushe: ana canza mata rami ne kullum. Ka zaɓi rami ɗaya ka bar mata, ka goge sauran sunayen. In kuma ka riga ka jibga direbobi kala-kala tun kamin ka karanta wanga bayani, cire waya, goge firintar, Windows da R, rubuta printui /s /t2, ka cire tsofaffin direbobinta daga jerin, ka sake kunna kwamfuta ka fara daga mataki na 5 da tsabta.

Takarda na maƙalewa ko tana fitowa a lanƙwashe lokacin damina, musamman ku na bakin ruwa Yauri da Argungu, laima ce ta shiga takardar. A riƙa barin rim cikin ledarshi ana ɗibar na aiki kaɗai.

8. Mai ramin netwok

Wagga ta fi kowace daɗin sha'ani a shago mai kwamfuta uku ko huɗu. Ka jona ta da rauta, na'urar nan mai raba intanet, da wayar netwok, ka buga shafin gwajin nan na mataki na 2, zaka ga adireshin IP a jiki, lambobi huɗu da ɗigo a tsakani galibi masu farawa da 192.168. A kwamfuta ka bi Add manually, ka zaɓi Add a printer using an IP address or hostname, ka rubuta lambar, ka ba ta direba kamar yadda munka yi a sama. Dole kwamfutar ta zama kan rauta ɗaya da firintar, ba kan hotspot ɗin wayarka ba.

Gargaɗi: rauta na iya canza mata lamba bayan an ɗauke wuta, gobe a wayi gari ta nuna Offline. A sa mata lamba tsayayya daga menu ɗinta ko cikin rautar. In lambar bata canza ba amma tana nuna Offline, Ports, Configure Port, cire alamar SNMP Status Enabled.

9. In duk an yi ta ƙi

Akwai firintocin da ba a taɓa yi masu direban 64-bit ba, kuma ba masu jin PCL ba ne balle a ara masu na wata. Waɗannan kada ka yar da tsohuwar kwamfutar, ka bar ta jone da firintar ta zama ita ce mai bugu. A sabuwar in ka gama aiki ka zaɓi Microsoft Print to PDF ko ka adana shi PDF daga Word, ka kai ta filashi ka buga a can. PDF nace ba fayil ɗin Word ba, don tsohuwar Word kan wargaza tsarin shafi, furojet mai shafi 60 ya koma 64 teburori sun zame.

Raba firinta ta netwok daga tsohuwar kwamfuta, wato Sharing, yana yiwuwa amma sai in sabuwar ma tana da direban da ya dace da ita, kuma tun sabuntawar tsaro ta 2021 yana yawan kawo kuskuren 0x0000011b. In ka ci karo da shi ka bi Add manually, Create a new port, Local Port, ka rubuta \\sunan-kwamfuta\sunan-firinta daidai yadda suke a tsohuwar, sannan ka zaɓi direba da hannu.

Gargaɗi: tsohuwar kwamfuta mai XP ko Windows 7 bata samun sabuntawar tsaro, ta 7 tun Janairun 2020 anka daina. Kada a riƙa shiga intanet da ita, kuma filashin kwastoma kada ya shiga jikinta kai tsaye, a sa shi a sabuwar mai antibairos tukuna, a kwashe aikin zuwa filashin shago guda ɗaya wanda shi kaɗai ke zirga-zirga tsakanin kwamfutocin biyu.